Gas ko gawayi? Musun gashin nama da abin da ke ƙarƙashinsa

  Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda datarsu ba ta kai ta saurare ba.

Yau maganar nama za mu yi. Wanda yake jin yunwa ya yi haƙuri.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani musu da ya ɓarke mana a babbar sallar da ta wuce, a tsakar gidan wani abokinmu a nan Gwaram. Ɗaya daga cikinmu da ke aiki a Abuja ya taho da wani murhun gashi mai amfani da gas, irin mai murfi da ƙafafu ɗin nan. Ya ce yau zai nuna mana ci gaba. Wani kuma ya ce wallahi ba zai ci naman da aka gasa da gas ba, gara ya ci tuwon jiya. Aka hura gawayi a rabin duro gefe guda, aka kunna gas gefe guda, aka raba cinyar rago biyu. Kafin la'asar nama ya ƙare, musu kuwa har bayan isha'i ana yinsa. Da na koma gida sai na ga ashe mun yi ta hayaniya ne a kan ɗanɗano, alhali abin da ke ƙarƙashin maganar ya fi ɗanɗano nauyi. Amma bari mu fara da ɗanɗanon, tunda shi ne ya haɗa faɗan.

Da farko ku sani ba mu kaɗai ke wannan musun ba. A Amurka ya zama kamar musun Barcelona da Madrid a majalisar mai shayi. Gashin nama a bayan gida al'ada ce babba a wurinsu, musamman ranar 4 ga Yuli da suke bikin 'yancin kai. Murhun gawayi mai murfi da suka fi sani, wato Weber, wani George Stephen ne ya ƙera shi a 1952. Dunƙulallen gawayin da suke saye a leda kuwa, Henry Ford mai motoci ne ya yaɗa shi tun shekarun 1920, da ya ga guntayen katakon da ke raguwa a masana'antarsa suna tafiya a banza. Ku riƙe wannan maganar ta guntayen katako, za mu dawo kanta. Bambancinmu da su shi ne, su zaɓi ne na nishaɗin ƙarshen mako. Mu nan maganar abin da za a ɗora tukunya a kai ce, safe da rana da dare.

To, me ya sa naman gawayi ya fi daɗi? Ko ma dai ya fi ɗin?

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, gawayin da ya kama sosai, ya zama jan garwashi, kusan ba shi da wani ƙamshi nasa na kansa. Gawayi itace ne da aka ƙona a rufe, inda iska ba ta shiga sosai, har ruwan jikinsa da yawancin abubuwan da ke ba hayaƙi ƙamshi suka fice, aka bar kusan zallar sinadarin kabon. Ƙamshin da kake jiyowa daga nesa idan ka doshi mai balangu, mafi yawansa daga naman ne. Kitse da romo suna ɗiga a kan garwashi, su ƙone nan take, su taso a matsayin hayaƙi su manne wa naman. Sannan garwashi yana da zafi mai tsanani kuma busasshe. Shi ne yake sa bayan nama ya yi jan nan mai ƙamshi, wanda masana ke kira da sunan wani Bafaranshe, Maillard, da ya yi bayaninsa a 1912: sinadaran gina jiki da ɗan sukarin da ke jikin nama ne suke haɗuwa idan zafi ya kai. Shi kuwa gas, idan yana ci, tururin ruwa yake fitarwa tare da zafin, kuma ƙananan murhunan gas ba sa kai zafin garwashi. Shi ya sa naman abokinmu na Abuja ya dahu lafiya lau, ya yi taushi, amma bayansa bai yi wannan jan ba. Masu ƙera murhun gas sun san da haka, shi ya sa suke sa faranti na ƙarfe ko duwatsu a saman wutar don kitsen ya samu inda zai ɗiga ya yi hayaƙi.

Kenan masu gawayi suna da gaskiya, amma ba don dalilin da suke faɗa ba.

Kuma masu cewa gawayi ne gadonmu, ku ɗan dakata. Na je wajen wani dattijo mai tsire da muke ciniki tun muna yara, na ce, "Baba, wai gas da gawayi wanne ya fi?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu da muka tashi tukuba muka sani. Tudun toka ne, a hura itace a tsakiya, a kakkafa tsinkaye a kewaye. Gawayi ai na maƙera ne da masu guga." Ku lura da hikimar tukuba: naman yana gefen wuta ne, ba a samanta ba. Zafi yana isa gare shi, hayaƙin itace yana ɗan shafarsa, kitsen kuma yana gangarawa cikin toka maimakon ya faɗa wuta ta tashi ta babbake shi. Kilishi ma rana ce take yawancin aikin, wuta a ƙarshe ake nuna masa. Na tambayi Baba ko zai iya gashi da gas. Ya ce, "Zan iya mana. Amma ranar da mutane suka zo ba su ji hayaƙi ba, za su ce na canza nama."

Wannan ya kawo mu maganar lafiya. Idan kitse ya faɗa wuta ta yi harshe tana lasar nama, hayaƙin yana ɗauke da wasu sinadarai da bincike ya danganta da cutar daji, haka ma baƙin nan da ke ƙonewa a gefen tsoka. Ba ana nufin wanda ya ci tsire jiya ya kamu ba, maganar yawan ci ce na tsawon shekaru. Kuma gas ma idan ka babbake nama a kansa ba ka tsira ba, sai dai wutarsa ta fi sauƙin sarrafawa. Dabarun ba su da wuya: ka bari gawayi ya gama kamawa ya yi farar toka kafin ka ɗora raga, ka rage kitsen da ke lilo, ka yawaita juyawa, inda ya ƙone ƙurmus ka yanke ka yar. Kada ka hura da leda ko kananzir sannan ka ɗora nama nan take. Abin da ya fi ɓata min rai kuwa shi ne babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya. Hayaƙin taya guba ne, kuma a jikin fatar da za a dafa a ci yake zama. A nan kam gas ya yi wa taya fintinkau, ba ma abin musu ba ne.

Yanzu mu bar tsakar gida mu shiga daji.

Gwaram da Birnin Kudu su ne kudancin Jigawa, inda ruwan sama ya fi yawa, itatuwa suka fi kauri idan ka kwatanta da su Maigatari da Birniwa. Duk wanda ke bin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram har Basirka ya saba ganin buhunan gawayi a jingine a bakin titi, ana jiran mota. Ka taɓa tambayar kanka itace nawa ne a cikin buhu ɗaya? A irin yadda ake yi a gargajiyance, a tara gungume a rufe da ciyawa da ƙasa a sa wuta, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo 1 na gawayi. Fiye da rabin ƙarfin wutar da ke cikin itacen a can dajin yake tashi a hayaƙi, tun kafin buhun ya hau mota. Abin da wannan ke nufi yana da ɗaci: matar ƙauye da ke girki da itace kai tsaye ta fi tattalin bishiya a kan gidan birni da ke girki da gawayi, amma ita ce take shan hayaƙin, kuma ita za a nuna da yatsa a ce tana cinye daji.

Kuma ba kowace bishiya ake nema ba. Mai gawayi ba ya kula kuka, don jikinta ruwa ne da laushi. Masu tauri yake so, irin su kirya da marke, waɗanda garwashinsu ke daɗewa bai mutu ba. Da suka yi ƙaranci sai gatari ya koma kan kaɗanya da ɗorawa da tsamiya. Ku duba fa. Kirya da ɗorawa su ne daddawar miyarmu. Kaɗanya ita ce man kaɗe, jarin mata da yawa. Bishiya ce da kan kai shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, sai a kayar da ita a wuni ɗaya, a gasa nama da ita a dare ɗaya. In an tashi adalci dai, ba gawayi kaɗai ke cin daji ba, faɗaɗa gonaki ma yana kan gaba. Sai dai manomi kan bar ɗorawa da kaɗanya a tsakiyar gona saboda ya san amfaninsu, mai sayen gawayi a Kano kuwa bai ma san wacce aka sare masa ba.

A 2024 gwamnatin Jigawa, ta bakin hukumar kare muhalli ta jiha wato JISEPA, ta haramta sare bishiyoyi don yin itace ko gawayi ba da izini ba. Jigawa tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ni ina goyon bayan dokar. Amma doka tana iya hana gatari, ba ta iya hana yunwa. Matashin da ke yin gawayi da rani ba don ƙiyayyar bishiya yake yi ba, noman damina ne ya ƙare, aiki babu. Matar da ke saye kuma ba don ba ta san gas ba ne.

To me ya hana gas ɗin? Mu yi lissafi, don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Kilo ɗaya na gas ya fi kilo ɗaya na gawayi ƙarfin wuta da kusan rabi. Ban da haka, murhun gas yana kai kusan rabin zafinsa ko fiye ga tukunya, shi kuwa kurfoti na gargajiya wajen kashi ɗaya cikin huɗu yake kaiwa, sauran iska ce ke sha. Idan ka haɗa biyun, kilo 1 na gas yana aikin kilo 3 zuwa 4 na gawayi. Tukunyar gas mai kilo 12.5 kenan tana tsaya wa kilo 40 zuwa 50 na gawayi, wanda shi kuma itacen kilo 200 zuwa 500 ne. Ban ba ku farashi ba da gangan, don kafin a gama buga wannan rubutun ya canza. Ku je ku tambayi kuɗin kilo ɗaya na gas, ku auna gawayin da wannan kuɗin zai saya. Idan bai kai kilo uku ba, to gas ya fi muku arha.

Sau da yawa idan aka yi lissafin sai a ga tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Matsalar tana wani wuri. Gawayi ana sayar da shi a ƙulle a leda, daidai kuɗin da ke hannunka yau. Gas kuwa sai ka fara sayen tukunya da kai da tiyo a lokaci guda, kuma idan ya ƙare ana tsakiyar tuƙa tuwo, wanda ke ƙauye sai ya biya ɗan acaɓa zuwa gari ya dawo. Talaka ba arha yake nema ba, abin da zai iya biya yau yake nema, ko da a ƙarshen wata shi ya fi kashewa.

Ga kuma rashin tabbas. Najeriya ce ke kan gaba a Afirka wajen arzikin gas a ƙarƙashin ƙasa. A 2021 Shugaba Buhari ya ayyana 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goman gas, a 2024 kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta. Amma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira, kuɗin dako da na gas ɗin kansa suka yi sama. A Oktoban 2025, bayan yajin aikin PENGASSAN kan rikicinta da matatar Dangote, gas ya yi wahala a garuruwa da yawa, farashi ya yi tsalle. Na san gidajen da suka tura tukunyar gas ƙarƙashin gado suka fito da kurfoti. Iyayenmu sun ga irin wannan a shekarun 1990 lokacin wahalar kananzir, har aka sa wa wani murhu suna Abacha. Duk ranar da gas ya tashi a Legas, bishiya ce take biya a dajin Gwaram.

Akwai kuma tsoro. Sau nawa kuka ji an ce, "Ni ba za a shigo min da bam gida ba"? Tsoron yana da tushe, amma yana da magani. Gas ya fi iska nauyi, idan yana yoyo ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ake son tukunyar ta zauna a tsaye a inda iska ke ratsawa. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa warin nan don hanci ya gane. Idan ka ji shi, kada ka kunna ashana ko makunnin lantarki, ka rufe kan, ka buɗe ƙofa da taga. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi, inda ya yi kumfa nan ne. Tukunya kuma tana da wa'adi, a ƙa'idar hukumar SON shekara 15 ne, kuma ana buga shekarar ƙira a jikinta. Ku duba kafin ku sayi ta hannu.

Abin da ba a faɗa shi ne gawayi ma yana kisa, sai dai shi ba ya ƙara. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200. Lokacin hunturu sai a shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Alamar farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba zai ma ji ba. Da safe a ce iska ce, ko an sa musu guba a abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Mata da ƙananan yaran da ke goye a bayansu su ne a bakin murhun.

Ni dai ga inda na tsaya, kuma na san wasu za su ce na yi raba-gardama irin ta 'yan siyasa. Gashin sallah da tsiren dare ba su ne suka cinye dajin ba. Tukunyar kullum ce. Don haka a bar wa Baba mai tsire garwashinsa, ƙoƙarinmu ya koma kan yadda shinkafa da wake da ruwan zafin safe za su koma kan gas. Wanda ya fi ƙarfin gas, ko murhun gawayi mai rufin yumɓu a ciki ya samu, yana rage cin gawayi sosai a kan na zallar ƙarfe.

Garwashin Baba ma ba dole sai daga kirya ba. Ku tuna Henry Ford da guntayen katakonsa. Mu namu guntayen su ne ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan casa, da ɓawon gyaɗa, da totuwar masara. Ana ƙona su a rufe cikin duro, a daka, a kwaɓa da ɗan kokon rogo, a dunƙula a shanya. Shi ne ake kira gawayin zamani. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ɓuntu yana da yawan toka kuma bai kai na kirya zafi ba, sai an haɗa shi da wani abu an kuma matse shi da kyau. Amma sana'a ce da jarinta bai fi ƙarfin matasa biyar da suka haɗa kai ba, kuma su ne dai matasan da ke shiga daji da gatari.

Sannan mu leƙa maƙwabta. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututturan da ke gonakinsu maimakon sassabe su, su zaɓi masu ƙarfi su rage sauran. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar. An ƙiyasta cewa ta dawo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da dasa su ba. Reshen da aka sassabe shi ne itacen girki, uwar bishiyar tana nan tsaye. Su da ruwan samansu bai kai namu ba kenan. Duk mai gonar gado a Sara ko Fagam ko Kila, idan ya je sharar gona bana, ya ƙirga kututturan da ke toho kafin ya sa musu wuta.

Af, na manta ban faɗa muku yadda musun namu ya ƙare ba. Na gawayin ne ya fara ƙarewa. Shi kuma wanda ya rantse ba zai ci na gas ba, an gan shi da tsoka biyu a hannu, ya ce wai ɗanɗanawa yake don ya samu hujja. Kaffara dai tana kansa.